Babi na Biyar: Gangar da Doka ta Hana a Tirinidad

Rake ba ya jira. Idan wuta ta kama gonarsa, dole a sare shi a kai wurin matsa cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ruwansa ya yi tsami, wahalar shekara guda ta tashi a banza. Shi ya sa a tsibirin Tirinidad, zamanin bauta, da an hango gobara cikin dare sai a busa ƙaho, a tashi bayin gonakin da ke kewaye, a kora su da bulala zuwa inda wutar take. Suna tafe cikin duhu riƙe da itatuwa masu ci da wuta don su ga hanya, masu tsaronsu na biye da su suna daka musu tsawa. In sun isa su kashe wutar, su kuma kwana suna saran rake da zafinsa. Faransawan da suka mallaki gonakin suna kiran irin wannan dare da ƙonannen rake a harshensu, a bakin bayi kuma ya zama Kambule. Duk wanda yake son ya fahimci kiɗan bikin Kanival na Tirinidad, wato babbar kalankuwar da suke yi kowace shekara, daga wannan dare ya kamata ya fara.

Tirinidad tana can ƙarshen kudancin tsibiran Karibiyan, dab da gaɓar Benezuwela. Sifaniyawa sun daɗe suna riƙe da ita ba tare da sun yi mata wani abin kirki ba, sai a 1783 sarkinsu ya fitar da sanarwar da ta gayyaci mabiya ɗariƙar Katolika su zo su zauna. Ana ba mutum fili, a kuma ƙara masa gwargwadon yawan bayin da ya shigo da su. Faransawa masu gonaki daga Martinique da Guadeloupe da Grenada suka yi ta kwararowa da bayinsu, da harshensu, da al'adarsu ta yin shagali kafin azumin Kiristoci na kwana 40. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1797, amma har kusan ƙarshen ƙarni na 19 Faransancin da ya cakuɗa da harsunan Afirka shi ake ji a kasuwa da kan titi.

A wancan lokaci Kanival na masu gida ne. Daga Kirsimeti har zuwa jajibirin azumi suna ziyartar juna, suna raye-raye da fuskoki a rufe. Ɗaya daga cikin shigar da mazansu suka fi so ita ce ta bawan gona: su shafa baƙi a jiki, su sa tsumma, su riƙe wuta, su kwaikwayi daren gobarar rake don nishaɗi. Mutanen da aka yi wa bulalar suna tsaye a gefe suna kallo.

An soke bauta a 1834, amma aka tilasta wa mutane ci gaba da aiki a gonakin iyayen gijinsu har ranar 1 ga Agusta 1838. Da suka samu kansu, abin da suka zaɓa su tuna shi ne wannan daren. Suka fito titi da wuta a hannu, da ƙaho, da ganguna, da sanduna, suna waƙa, suna maimaita tafiyar da a da ake kora su su yi, yanzu kuwa ba mai kora. Daga baya aka mayar da fitar zuwa tsakar daren Lahadi da ke buɗe Kanival. Masu gida suka ja da baya zuwa cikin zaurukansu, titi ya zama na talakawa. A ganina babu abin da ya fi wannan muhimmanci a tarihin bikin. Mutanen da aka hana su karatu da rubutu sun samo hanyar adana labarinsu, kowace shekara su fito da shi a gaban waɗanda suka fi son a manta.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Afirka ta riga ta dusashe a zukatan waɗannan mutane. Bayan 1841 Ingila ta riƙa kawo wasu 'yan Afirka da jiragen yaƙinta suka ƙwato daga masu fataucin bayi, aka fara sauke su a Saliyo ko tsibirin St Helena, sannan aka kawo su Tirinidad aikin kwantiragi. Waɗannan haihuwar gida ne, da harshensu a baki da kiɗansu a hannu. Yarbawa suka kafa unguwa a gabashin birnin Port of Spain, suka ci gaba da bautar Shango da sauran abubuwan bautarsu da ganguna uku. Mutanen Dahomey suka kafa gidansu a unguwar Belmont. Akwai 'yan Kongo da yawa. Akwai kuma Musulmi: tun zamanin bauta wani malami mai suna Jonas Mohammed Bath ya jagoranci jama'ar Mandingo a birnin, suna haɗa kuɗi suna fansar 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya. Malamar jami'a Maureen Warner-Lewis, wadda ta bi tsofaffin tsibirin tun ƙarshen shekarun 1960 tana naɗar abin da suka tuna, ta tarar da jikokin Hausawa da Fulani a cikinsu, ta kuma ba da labarinsu a littafinta Guinea's Other Suns. Ba su da yawa kamar Yarbawa, amma suna nan cikin taron.

Yawancin waɗanda suka bar gonaki sun tare ne a bayan birni, a dogayen gidajen haya na katako, iyali guda ɗaki guda, famfo ɗaya da banɗaki ɗaya a tsakar gida. A waɗannan tsakar gidaje aka raini kiɗan. Kowace unguwa tana da ƙungiyarta, kowace ƙungiya kuma tana da gwanayen wasan sanda da ake kira kalinda. Ana yin da'ira, makaɗa biyu ko uku su zauna da gangunansu, mutum biyu su shigo kowa da sandarsa ta icen poui mai tauri, tsawonta kamar ƙafa huɗu. Suna rawa suna kewaya juna, kowa na neman kan ɗan'uwansa, kuma wasa ba ya ƙarewa sai jini ya fito. A gefen da'irar akwai ɗan rami da wanda aka fasa wa kai zai je ya sunkuya jinin ya zuba.

Mai riƙe da ragamar wurin shi ne mawaƙin ƙungiya, wanda suke kira chantwell, kuma akwai mata da yawa a cikinsu. Shi zai jefa baiti, jama'a su amsa, ya sake jefawa su sake amsawa. Yana wasa gwaninsa, yana ambaton waɗanda ya taɓa fasa wa kai, yana yi wa abokin karawa zambo, yana tuna wa nasa cewa uwa ba ta haifi ɗa don ya gudu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda ɗan dambe yake tsuma idan makaɗinsa ya kama takensa, ya san abin da ke faruwa a wannan da'ira ba sai an yi masa bayani ba. Bayarwa da amshi, da kirari, da habaici, da ganga ƙarama tana yanka a kan babba mai riƙe da gindin kiɗa, waɗannan su ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya.

Hukuma da jaridun masu hannu da shuni ba su ga komai a ciki ba sai hayaniya da rashin kunya. Suna kuma tsoron wuta a birnin da yawancin gidajensa katako ne, suna tsoron talakawa dubu riƙe da sanduna cikin dare. Shugaban 'yan sanda, Kyaftin Arthur Baker, ya sha alwashin kawo ƙarshen abin. A 1880 ya mamayi mutane ya ƙwace wuta da sanduna. A Fabrairun 1881 kuwa ƙungiyoyin da suka saba gaba da juna suka haɗa kai suka jira shi. Aka gwabza cikin dare a gabashin birnin, da sanduna da duwatsu da kwalabe, aka raunata 'yan sanda da dama. Da gari ya waye Gwamna Sanford Freeling ya sa aka tsare 'yan sanda a barikinsu, ya fito da kansa ya yi wa jama'a magana, ya ce su ci gaba da bikinsu muddin za su kiyaye zaman lafiya.

Nasarar ba ta daɗe ba. A 1884 aka kafa dokar da ta ba gwamna ikon hana fita da wuta, da kaɗa ganga a titi, da taruwar mutum goma ko fiye riƙe da sanduna. An zubar da jini a San Fernando da Princes Town a Kanival ɗin wannan shekara. A watan Oktobanta kuma aka juya kan Indiyawa 'yan kwantiragi, waɗanda aka fara kawowa a 1845: sun fito jerin gwanon Hosay na tunawa da Hussaini jikan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da gangunansu na tassa, aka buɗe musu wuta a mashigar San Fernando, aka kashe mutane. Shekara guda, hukuma guda, ganguna iri biyu.

Gangar fata ta koma cikin gida, wurin masu bautar gargajiya, a can ma a ɓoye. Titi kuwa ya nemi abin da doka ba ta ambata ba, ya samu gora. Ana hawa tudu a saro ta, a bar ta ta bushe, a yanka ta tsayi daban-daban. Babbar, mai kusan ƙafa biyar, ita ake bugawa a ƙasa ta ba da amo mai zurfi kamar na uwar ganga. Gajeru biyu ana gwara su da juna. Wata siririya ana saɓa ta a kafaɗa a riƙa dukanta da ɗan ice, ita ke yin aikin yanka. Sai kwalba da aka zuba wa ruwa ana kaɗa ta da cokali. Suka sa wa wannan haɗi suna tambu-bambu, wato gangar gora, ya kuma riƙe titi kusan shekara 40. Kiɗan bai canja ba. Rabon aiki tsakanin babba da ƙarama yana nan yadda yake a da'irar kalinda.

A daidai wannan zamani mawaƙin ƙungiya ya ɗauki wata hanya tasa. Ya fara waƙa da Turanci a ƙarshen ƙarni na 19, ya samu rakiyar jita da sarewa, ya shiga rumfunan da ake kafawa kafin biki inda ake biyan kuɗin shiga. Waƙarsa ita ce kalifso, ko kaiso kamar yadda tsofaffi suke cewa. An fara naɗar kiɗanta a faifai a 1912, lokacin da ƙungiyar Lovey ta je New York, muryar mawaƙa kuma a 1914. Mawaƙan suka ɗauki sunaye masu ban tsoro, irin su Atilla the Hun da Roaring Lion da Lord Executor, kamar yadda 'yan wasan sanda na da suke yi, sai dai yanzu baki ne makamin. Kalifso ta zama jaridar talaka. Abin kunyar da babban mutum ya yi a ɓoye, tsadar abinci, zaluncin ɗan sanda, duk sai an ji su a rumfa. A 1934 hukuma ta ba 'yan sanda ikon tace waƙoƙi, abin da ya nuna sarai cewa ana sauraro a gidan gwamna. Atilla, wanda sunansa na yanka Raymond Quevedo, ya yi ta faɗa da wannan doka har aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki a 1950. Kalifso ta kuma yi tafiyar komawa: faya-fayanta sun shigo Afirka ta Yamma sun yi tasiri a kan kiɗan hayilayif na su E. T. Mensah, Lord Kitchener ma ya yi waƙa ta musamman don samun 'yancin Gana.

Amma mu koma titi, don a can ne abin mamakin ya faru. Gora tana da aibi: tana fashewa. Ana tsakiyar tafiya, kiɗa ya yi daɗi, sai ta tsage a hannun mai ita. Saurayin da gorarsa ta fashe ba zai tsaya ba, zai wawuri abin da ya gani a bakin hanya, murfin kwandon shara ko gwangwanin fenti ko babban gwangwanin biskit ko ƙarfen birkin tsohuwar mota. Ƙarfe ya fi ƙara, ba ya kuma fashewa. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 wata ƙungiya daga unguwar Newtown, mai suna Alexander's Ragtime Band, ta fito da ƙarfe zalla, sauran unguwanni suka bi sahu.

An hana Kanival daga 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan shekaru na zaman gida su suka ba samarin damar gwaji. Sun lura cewa gwangwanin da ya sha duka yana lotsewa, kuma kowane lotso da irin muryarsa. In haka ne, ashe ana iya lotsa shi da gangan. Aka fara da murya biyu, aka kai huɗu, aka wuce. Kowace unguwa tana da wanda take cewa shi ya fara, kuma gardamar ba ta mutu ba har yau, amma sunayen da ba a tsallakewa su ne Winston Simon, wanda ake wa laƙabi da Spree, daga unguwar John John, da Neville Jules na ƙungiyar da ta zama All Stars, da Ellie Mannette na Invaders. Ranar da aka sanar da ƙarshen yaƙi a Turai, a Mayun 1945, suka ɓarke titi da abin da suka ƙera. A Kanival na 1946 Spree ya kaɗa waƙoƙin da kowa ya gane a gaban gwamna.

Tirinidad ƙasar man fetur ce, a lokacin tana da matata a Pointe-à-Pierre, ga kuma sansanin sojan ruwan Amurka a Chaguaramas, don haka duro mai cin galan 55 ba wuyar samu yake ba, ko da ta bayan katanga ne. Mannette ne aka fi danganta wa komawa ga wannan duro da kuma dabarar lotsa gindinsa ciki kamar kwano. Aikin ya cancanci a tsaya a dube shi. Maƙerin zai kife duron, ya ɗauki guduma mai nauyi ya yi ta dukan gindin yana kewayawa, a hankali, har ya zurfafa ba tare da ya tsage ba. Sai ya zana gurbin kowace murya, ya bi zanen da ƙaramin ƙarfe yana dannawa don ya raba wannan gurbi da wancan, kada amon ɗaya ya shiga na ɗaya. Ya yanke jikin duron: gajere ga mai siririyar murya, cikakke ga mai kauri. Ya ɗora a kan wuta ƙarfen ya gasu. Daga nan sai aikin kunne, wanda shi ne ainihin gwanintar. Da ƙaramar guduma zai taɓa gurbi ta sama, ya juya ya taɓa ta ƙasa, ya kaɗa da ɗan ice mai roba a baki, ya saurara, ya sake. Gyaran murya ɗaya yakan karkatar da maƙwabciyarta, sai an dawo an daidaita. Ganga mai jan waƙa takan ɗauki murya kusan 30 a fuska ɗaya, mai kaɗa gindi kuwa yakan tsaya tsakiyar duro shida, kowanne da murya uku. Waɗanda suka gano wannan duka samari ne da yawancinsu ba su wuce firamare ba, babu wanda ya koya musu, babu kuma littafin da za su duba.

Ba a gode musu ba a lokacin. Mai kaɗa pan, kamar yadda suke kiran gangar, ɗan iska ne a idon jama'a, kuma iyaye ba sa ba shi 'yarsu. Gaskiya ne cewa gabar 'yan wasan sanda na da ta biyo su. Ƙungiyoyin sun ɗauki sunaye daga finafinai da labaran yaƙi, Casablanca da Tokyo da Desperadoes da Red Army, in biyu suka haɗu a mararraba sai adda da kwalba, kotuna kuma suka cika da su. A 1950 aka sasanta manyan masu gaba aka kafa ƙungiyar makaɗa. Shekara guda bayan haka aka zaɓo gwanaye daga unguwanni daban-daban aka haɗa su ƙungiya ɗaya mai suna TASPO, ƙarƙashin Laftanar Joseph Griffith, aka tura su babban bikin baje kolin Birtaniya a Landan. Sun tafi da durarrukan da tsatsarsu, ba fenti. Da labarin yadda aka karɓe su ya iso gida, waɗanda suke toshe kunne jiya suka fara cewa kiɗan namu ne. Abin yana da ciwo, cewa sai da Landan ta yaba kafin Port of Spain ta yarda, kuma makaɗan ba su manta ba.

Bayan samun 'yancin kai a 1962 aka fara gasar Panorama a 1963, North Stars ta Anthony Williams ta ci ta farko. Shi ne wanda ya tsara jerin muryoyi a fuskar ganga kamar saƙar gizo-gizo, tsarin da aka fi amfani da shi yau, Bertie Marshall kuma ya gano yadda ake tace murya ta fito garau. A babbar ƙungiya ana samun makaɗa 100 ko fiye. Makonni kafin gasa suna taruwa kowane dare a filin unguwa, mai tsara kiɗa ya koya wa shugaban kowane sashe gaɓa ɗaya, shi kuma ya koya wa nasa, a yi ta maimaitawa har ta zauna. Yawancinsu ba sa karanta rubutun kiɗa, da ka suke riƙe komai. A tsakiyarsu kuma akwai wani rukuni da suke kira ɗakin inji, inda mutum yake riƙe da ƙarfen birkin mota yana dukansa da ƙusa ko guntun rodi. Duk sauran suna bin wannan ƙarfe ne, kuma aikinsa shi ne wanda kwalba da cokali suka yi a zamanin gora.

A 1992 aka ayyana pan a matsayin kayan kiɗan ƙasa, majalisa ta tabbatar da haka da doka a 2024, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 11 ga Agusta ta zama ranarsa. A 2025 aka cire jiragen ruwan Kolumbus guda uku daga tambarin ƙasar aka sa gangar ƙarfe a gurbinsu. Da asubahin Juma'ar da ke gaban Kanival ana sake kwaikwayon faɗan 1881 a gabashin birnin, da wuta da sanduna da gangar fata.

Duk da haka akwai abin da ke damun masu kishin kiɗan, kuma damuwarsu tana da tushe. Tun da kiɗan soka ya fito a shekarun 1970, ta hannun Lord Shorty da wasu, manyan motoci masu ɗauke da lasifika suka mamaye titi a ranakun Litinin da Talata na bikin. Ƙungiyar pan da ake turawa a kan tayoyi ba ta iya ja da wannan ƙara. Kuɗin kayan ado na manyan ƙungiyoyin rawa ya fi ƙarfin mutumin Laventille, unguwar da ta ba da gudummawa mafi girma ga kiɗan, har ana zagaye masu biya da igiya don kada wanda bai biya ba ya shiga. Inda pan ya fi samun sarari yanzu shi ne dandalin gasa a Queen's Park Savannah, da kuma Juve, fitar asubahin Litinin, lokacin da mutane suke shafa taɓo da baƙin mai suna bin ƙungiyar unguwarsu a hankali kafin rana ta fito. Maƙeran da suka iya daidaita murya da kunne ba su taɓa yin yawa ba, manyansu kuma suna ta tafiya: Marshall ya rasu a 2012, Mannette a 2018 a Amurka, inda ya shafe shekaru yana koyar da ƙira a jami'ar West Virginia, Williams kuma a 2021.